Man da Na Zuba wa Motar Babana

Shekarun baya, lokacin da aka karya darajar sefa, ina da tsohuwar a-kori-kura da na gada daga mahaifina. Da ita nake ɗauko wa mata 'yan kasuwa ɗanyen kifi daga Lagdo zuwa Garwa, da ita muke ci.

Wata rana abokina mai sayar da baƙin mai ya nuna mini wani sabon galan, wai santetik. Ya ce, "Kai har yanzu wannan mai kaurin kake zubawa, kamar kunu? Wannan sai ka manta ranar da ka yi juye." Na saya ina jin na kyauta wa motar.

Bakanikena, wani dattijo Bafulatani, ya shafa man a yatsa ya girgiza kai. "Ɗana, injin nan dauɗar da ke cikinsa ce ta toshe kafofinsa. Wannan zai wanke ta, ya bi ta kafofin ya zube. Bar motar da mineral ɗin, mai kaurin nan da ta saba."

Na ce, "Baba, zamani ya canza." Ni da ko rubutun galan ɗin ban iya karantawa ba a lokacin.

Ya zuba sabon man.

Da can kullum da safe sai na zaro sandar awo na duba mai. Da na zuba mai tsada sai na daina, ga fitilar gargaɗi ta daɗe da mutuwa. A mako na uku, da tsakar rana, muna dawowa da lodi, injin ya yi ƙara sau biyu ya tsaya cak. Na zaro sandar, a bushe.

Matan ba su zage ni ba. Itace suka tsinto suka shiga banda kifin a bakin hanya, abin da bai riga ya ruɓe ba. Ɗaya ce kawai ta ce, "Malam, matsa, kana tare mana iska."

Injin ya ƙone, wani kuma ya gagare ni saye. Aka jawo motar ƙofar gidanmu, na koma tuƙa ta wani.

Ban ce santetik ba shi da kyau ba, motar da nake ja yanzu shi take sha. Tsohon inji ne sai an tambayi wanda ya san cikinsa, a kuma ji maganarsa.

Mahaifiyata kan leƙo ta ce, "Yaushe motar babanku za ta tashi?" In ce mata an kusa. Shekara huɗu ina faɗa mata haka. Sai da muka yi sadakar arba'in ɗinta na kira masu sayen ƙarfe.