Ƙwallo Ɗaya a Rairayin Gure

Ni dai ba sha'awar wasa ce ta kai ni ga golf ba, majon asibitinmu, wato babbar ma'aikaciyar jinya, ita ce ta tura ni. Ita ma ba golf ta ce ba. Ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta soki yatsana ta duba jini, sannan ta cire gilashinta ta ce, "Baba, sukari ya hau, tansiyo ma, wato hawan jini, ya biyo shi. Zan ba ka magani, amma magani shi kaɗai ba zai riƙe ka ba. Kullum ka yi tafiya a ƙasa har sai ka yi gumi. In ba haka ba allura za mu koma, kuma ba zan yi maka alkawarin idanun nan da ƙafafun nan ba."

Na ce, "Ƴata, ni za a koya wa tafiya? Na yi Kwatano, na yi Lome, na yi Abijan, na hau Agadas har na wuce ta."

Ta ce, "A zaune ka yi su, Baba."

Gaskiya ta faɗa. Shofer ne ni, rabin rayuwata a kujerar mota na yi ta, da na ajiye tuƙi na dawo Gure kuma sai na koma tabarmar fada, majalisarmu ta hira, ana dafa shayi ina ba da labari.

Washegari na fita tafiya. To, a garinmu dattijo ba ya tafiya haka kawai. Ban kai bakin gudron, wato kwalta, ba wani ɗan kabu-kabu ya tsaya. "Alhaji, lafiya? Hau in kai ka." Na ce ba inda za ni. Ya dube ni, ya dubi hanyar, ya tafi yana waiwaye. Na biyu ya tsaya, na uku ya tsaya. Daga ƙarshe ɗan wani aminina ya rantse ba zai bar ni a rana ba, dole na hau ya maido ni gida. Kafin la'asar taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda tun muna yara ba ya raga mini, ya yi sallama yana dariya.

"An ce Hajiya ta kore ka, an gan ka kana yawo ba takalmi."

"Da takalmina."

"To an ce ba hula."

Hajiya, matata ke nan, tana jin mu daga madafa. Da ya tafi ta ce, "Malam, mutum in yana riƙe da wani abu a hannu ba a tare shi, an san da abin da ya fito yi. Ɗauki sandar nan taka ta bayan ƙofa."

Sandar tana da tarihi. A Abijan na yi wa wani mai kamfanin katako tuƙi. Duk Lahadi sai in kai shi wani fili kore shar, an aske ciyawarsa kamar kan ango, in zauna a inuwa in kalle shi da abokansa suna bin ƴar farar ƙwallo. A rediyo na ji ana ce wa wasan ƙwallon lambu. Ba wani abu mai wuyar ganewa ba ne: ka buga ƙwallo da sanda, ka bi ta, ka sake bugawa, har ta faɗa wani ɗan rami, wanda ya kai da bugu kaɗan shi ya ci. A lokacin dariya nake musu a zuci, manyan mutane da motocinsu suna gararamba a rana. Da zan bar aikin ya ba ni tsohuwar sanda guda mai karkataccen kan ƙarfe, da ƙwallaye uku. Shekara da shekaru Hajiya na jawo igiyar shanya da ita.

Na saɓa ta a kafaɗa bayan sallar asuba, kuma wallahi ba wanda ya tsayar da ni. Wasu sun zaci gona za ni, wasu sun zaci maciji zan kashe. Na bi ta bayan gari har inda gidaje suka ƙare, tuddan rairayi suka fara.

Na ajiye ƙwallo, na buɗe ƙafafu yadda na ga suna yi, na ɗaga sanda na kawo da iya ƙarfina. Sandar ta wuce, na juya kamar mai rawa, hulata ta faɗi. Ƙwallo tana nan inda na ajiye ta. Na sake, wannan karon na sari ƙasa, rairayi ya cika mini baki. Wani makiyayi da ke wucewa da raƙumansa ya tsaya ya kalle ni har ya gaji, sannan ya ce, "Baba, me ta yi maka?"

Da labari ya kai wa taubashina, har can ya biyo ni a motonsa mai ƙafa biyu. Ya dubi ramukan da na haƙa a jere ya ce, "Kai ai noma kake. Bari damina ta faɗi in kai ka gonata, kana sara ina zuba iri."

Haka na yi ta fama. In na samu ƙwallon ma, ba gaba take zuwa ba, sai ta yi dama kamar akuyar da ta ga gonar wake. Ga ta fara, ga rairayi fari. Sai in hau tudu in sauka, in zagaya gindin tumfafiya, in kutsa cikin karangiya ina nema. Bugu ɗaya, nema mai tsawo. Ina dawowa gida rigata sharkaf, ƙafar wandona cike da karangiya, Hajiya ta zauna tana tsincewa tana mita. Ita ce ma ta ɗiga wa ƙwallayen jan farce don su riƙa fitowa a ido.

Sannu a hankali na fara gane kan abin. Babbar riga dai na ajiye ta, don hannunta ya taɓa naɗe sandar har na kusa zama a ƙasa. Na yanko guntun tsohon kafet na mota, ina ɗora ƙwallo a kai don kada kan sandar ya nutse. Babban ɗana da ke aiki a Yamai ya turo mini wasu bidiyo a waya, na ga ashe hannun hagu ke sama, ƙaramin yatsan dama kuma ya saƙale da manunin hagu, kuma ba a ɗaga kai sai ƙwallo ta tafi. Wannan ɗaga kan shi ne ciwona. Mutum yana ɗokin ganin inda ta nufa, sai ya duba tun bai buga ba. Da hantsi nakan juya wa rana baya a tsakar gida, in sa dutse daidai inuwar kaina, in yi ta lilo da sanda ba ƙwallo, ina lura kada inuwar ta bar dutsen. Hajiya ta ce in na fasa mata randa, ni da sandar waje za mu kwana.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yarda cewa ba ƙarfi ake so ba. Sai ranar da na tuna yadda ake tayar da kamiyo, babbar motar kaya, a kan hawa. In ka saki ambiriyaj, wato kuloci, da gaggawa mota ta mutu, sai dai a hankali, ka bar nauyin ya ɗauki kansa. Na ɗaga sandar a natse, na bar ta ta sauko da kanta. Na ji ƙas, wani ɗan sauti mai tsabta, ko a hannuna ban ji bugun ba. Da na ɗaga kai ga ƙwallo can sama, ta haye wata goruba ta sauka a bayanta. Na waiwaya ko akwai wanda ya gani. Ba kowa sai wani jaki.

Da na koma awo majo ta yi murmushi. Ta ce, "Baba, ko me kake yi, ci gaba." Har wandunana sai da aka rage musu ƙugu.

Ana nan sai ɗan nan nawa, da ya ji uban ya kama wasa, ya samo tsofaffin ƙwallaye wajen wani abokin aikinsa ya aiko mini da su a motar fasinja, cike da ƙaramin buhu. Allah ya yi masa albarka, alheri ya nufa. Na zazzage su a tabarma ina kallo kamar an kawo mini lefe.

Daga nan wasana ya canja. Na samu wata aduwa mai inuwa, na shimfiɗa kafet a gindinta, na kai tsohon kwanon wanki can nesa na ajiye ya zama abin saitina. Sai in tsaya wuri guda in yi ta bugawa, ɗaya bayan ɗaya, har buhu ya ƙare. Kuma na ƙware, ba yabon kai ba. Hannu ya saba, kai ya daina tashi, ƙwallaye suna sauka kusa da juna kamar an kira su. In na gama in je in kwashe a tafiya guda. In ɗaya ta ɓace ma ba na wahalar nema, ga wasu nan da yawa. Buhun kuma yana da ɗan nauyi, sai taubashina ya riƙa kai ni a moto, ya zauna a gindin aduwar yana dafa shayi, duk wadda ta faɗa kusa da kwano ya ce iska ce ta kai ta. Shayin nasa kuwa, ba sai na faɗi yadda yake zuba sukari ba.

Ban lura da komai ba sai da ƙishirwa ta dawo mini, tafin ƙafata ya fara wani ɗan zugi kamar ana tsira masa ƙaya. Ranar awo Hajiya ta ce za ta raka ni. Majo ta duba, ta sake dubawa, ta cire gilashi. Na san wannan cire gilashin.

"Baba, ka daina fita ne?"

"Kullum ina fita. Tambayi Hajiya. Yanzu ma na fi iyawa, in kin ga yadda take tashi..."

"Kana gumi?"

Na shiga gyara zaman hulata. Ta ce za ta ba ni zuwa awo na gaba, in bai sauka ba allura ce, kullum, da hannuna.

Da safe na ɗauki buhu na ji shi sakayau. Na zura hannu, ƙwallo ɗaya tal.

"Hajiya, ina ƙwallayena?"

Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Suna wajen aiki."

"Wane aiki?"

"Ka san kaza in aka kwashe mata ƙwai duka sai ta canja wurin yi, ta tafi bayan rumbun wani. Dole a bar mata guda ta riƙa gani. To na gwada da taka, kazata ba ta gane ba. Na raba wa mata, kowa ta sa a akurkinta. Suna ta godiya, sun ce a gaishe ka."

"Ƙwallayen da aka aiko mini tun daga Yamai?"

"Malam, ni ƙafarka nake so, ba kwanon wanki ba. Ga guda nan. Buga ka bi ta."

Na yi fushi, har na ƙi shan kunu. Taubashina ya zo da moto, Hajiya ta leƙa ta ce masa yau ba fasinja. Ya ce, "To, an mayar da kai makiyayi, da tunkiya ɗaya."

Na tafi a ƙasa. Kuma abin da ban zata ba, wasan ya fi wuya, ya kuma fi daɗi. A gindin aduwa kullum wuri ɗaya ne, a daidaice. Yanzu duk inda ta faɗi nan zan buga ta, ko a gangaren tudu ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko a sawun raƙumi, ko a tsakiyar ciyawa. Ƙwarewar da nake taƙama da ita rabinta ta gudu. Na koma sarar ƙasa, na koma nema. Nakan zaɓi wata bishiya can nesa in ce ita ce ramina, in na kai in zaɓi wata, sai in ga na yi nisan da garin ya koma ɗan ƙarami a bayana.

Ranar da ƙwallon ta shige wani rami ta ƙi fitowa, na dawo na ce wa Hajiya a ba ni wata. Ta ce, "Akwai guda a gidan ƙawata, can ƙarshen gari ta hanyar Kelle. Je ka karɓo."

"Ba ta kusa? Maƙwabta fa?"

"Na kusa kajinsu na kwanci, ba a taɓa su."

Haka na taka har can, na yi sallama, na gaisa da maigidan, muka taɓa hira kan damina, sannan da girmana na ce na zo karɓar ƙwallona a ƙarƙashin kazarsu. Aka kawo mini ita da ɗuminta.

Da ranar awo ta zo, ni kaɗai na je, a ƙasa. Majo ta soki yatsa, ta duba, gilashinta na nan a fuskarta. Ta mayar da kwalin allurar da ta riga ta fitar cikin durowa ta rufe.

Ta ce, "Ya wasan, Baba? Har yanzu ana ƙwarewa?"

Na ce, "Ina fa, ƴata. Na lalace sarai."

Ta ce, "Madalla. Allah ya ƙara."