Tabo da Taɓo

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa bayinsa abin hawa, na dabba da na ƙarfe, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa. Bayan haka, na daɗe ina karantar da mutane cewa fushi garwashi ne, kuma na gaskata abin da nake karantarwa. Duk da haka akwai wani al'amari da ya faru a garinmu wanda har yau idan na tuna shi sai na tashi na sake alwala.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Bagwai, gona na jingine da gona, ba ka samun taku goma na ƙasar da ba ta da mai ita. Tsakaninmu da kwalta akwai burtali guda ɗaya, wanda ya ratsa ta gefen fadama. Da rani hanya ce kamar kowace hanya. Da damina kuwa ƙasar wurin takan jiƙe ta zama taɓo mai kama ƙafa, har jaki yakan tsaya ya yi tunani kafin ya shiga.

Ina da maƙwabci, wani Alhaji manomi mai fataucin hatsi, wanda muka tashi tare tun muna ɗaukar allo. A ƙarshen rayuwarsa ya sayi wata mota ta hannu mai dogon baya, mai tsayi daga ƙasa, wadda mutum zai iya kwanciya a cikinta ya miƙe ƙafa. Da ciwon ajali ya kama shi sai ya kira ni, ya kira shaidu, ya ce da bakinsa ya mayar da motar wakafi: ta ɗauki marar lafiya, ta ɗauki mai naƙuda, ta ɗauki gawa, ba ta kowa ba ce daga ranar sai ta Allah. Ya ɗora mini kula da ita. Tuƙi kuwa ya bar wa jikansa, wani saurayi da ya yi karatu a zaurena, mai gyaran waya a kasuwa, wanda yake da abokai a birni masu son mota kamar yadda kakanninmu suke son doki. Sharaɗin mai wakafi abin tsarewa ne kamar yadda ake tsare nassi, kuma yaron ya san haka, domin a gabana ya karanta babin.

Motar ta yi shekaru tana aikinta. Ba ta da kyan gani, ba ta da sauri, amma ba ta taɓa kwana a burtali ba, ko da yake a daminar da ta gabaci wannan labari sai da samari suka tura ta, da mai naƙuda a ciki.

Ana gab da faɗuwar ruwa yaron ya kai ta birni don a canja mata baƙin mai. Daga can ya buga mini waya. Ina zaune a zaure, kunnena kuma ba kamar da ba.

Ya ce, “Malam, akwai wani aiki da nake so a yi mata tunda ga ni a nan. Aikin tabo ne. Za a ƙara mata ƙarfi sosai.”

Na ce, “Aikin taɓo? Alhamdu lillahi. Ai abin da yake damunmu ke nan. Ka tuna yadda muka sha wuya bara a bakin fadama. Idan akwai abin da za a yi mata ta riƙa cin taɓo, a yi.”

Ya yi shiru kaɗan. Wannan shirun nasa ina jin sa a kunnena har yanzu. Sannan ya ce, “E, Malam, za ta yi ƙarfi. Kuma ni zan ɗauki nauyin aikin.”

Na ba shi izini, domin gyara wakafi ta hanyar da za ta ƙara masa amfani abu ne da malamai suka halatta. Ban tsaya nan ba. Bayan sallar la'asar na gaya wa jama'a a masallaci cewa jikan Alhaji ya gaji kakansa, aka ɗaga hannu aka yi masa addu'a.

Ranar da ya dawo, tun motar ba ta shigo gari ba muka ji ta. Ruri take kamar hadari, tsakanin rurin kuma tana wani fito kamar maciji ya fusata. Awaki suka tsinke igiya, ɗalibaina suka bar karatu. Da na fito sai na ga abin da ban gane ba. Motar da na sani mai tsayi ta durƙusa, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. An cire mata tayoyinta masu kaushi an sa wasu masu faɗi, sumul kamar tafin hannu. Salansa kuwa, wato bututun hayaƙi, an sa mata wata mai baki kamar turmi.

Yaron ya fito yana murmushi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini wayarsa. A ciki na ga motar wakafi a wani ɗaki, an ɗaure ta da igiyoyi ta gaba da ta baya, tayoyinta a kan waɗansu manyan ƙarafa masu juyawa da aka binne a daɓe. Tana ihu, tayoyin suna gudu, ita kuwa ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Samari sun kewaye ta suna tafi.

Ya ce, “Wannan shi ne daino, Malam, injin da ake auna ƙarfin mota. Da muka ɗora ta da farko ƙarfin doki ɗari da hamsin ta ba da. Da aka taɓa kwamfutarta, aka buɗe mata numfashi, kun ga layin nan da ya hau? Doki ɗari biyu da goma. Sittin muka ƙaru!”

Kakarsa, Hajiya, matar marigayi, ta leƙo daga soro. Tsakaninta da shi akwai wasan kaka da jika, ba ta kiransa sai da angona. Ta ce, “Angona, dawakai sittin? A ina za ka ɗaure su, kai da ko akuya ba ka taɓa kiwatawa ba? Harawar wa za su ci?”

Ya ce, “Tsohuwa, ke dai shirya. Ranar da zan kai ki birni kafin ki gama bisimilla mun isa.”

Ta ce, “Da wannan kukan? Ai ko gawa aka ɗauko sai ta tashi ta ce a sauke ta.”

Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce masa, “Taɓon fa?”

Sai ya sunkuyar da kai yana ɗan murmushi, ya buɗe gaban motar, ya nuna mini wani ƙarfe mai siffar katantanwa a gefen inji. Ya ce sunansa tabo da Turanci, shi ne yake cusa wa inji iska, shi suka ƙara wa matsi. Ashe ba taɓon fadama ake nufi ba. Ni na ji laka, shi yana nufin katantanwar ƙarfe.

Na ce masa a mayar da ita yadda take. Ya ce, “Malam, ai da ƙarfi ake cin laka. Wadda ta wuce da ɗari da hamsin, yaya za ta kasa da ɗari biyu?” Na ce ban tambaye shi fatawa ba, umarni na ba shi. Ya ce to, bayan cin kasuwa zai mayar. Kafin kasuwa ta ci, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya.

Da hantsi, washegarin ruwan, Hajiya ta faɗi a tsakar gida tana alwalar walaha. Tana da hawan jini da ma. Da na shiga na tarar bakinta ya karkace, harshenta ya yi nauyi, tana kallonmu tana son magana ba hali. Aka kwantar da ita a bayan motar da mijinta ya bari domin irin wannan rana, mata biyu suka riƙe ta, ni na zauna a gaba.

Mun shiga burtali lafiya har zuwa bakin fadama. Daga nan motar ta fara jan ciki a kan tudun da ke tsakanin sawun taya. Yaron ya taka totur. Da farko ba ta amsa ba, sai can ta yi fiton nan nata, ƙarfin ya zo mata gaba ɗaya kamar an sako ruwa daga madatsa. Tayoyin suka juya a wuri ɗaya, suka watsa laka har cikin gonakin mutane, suka haƙa wa kansu rami. Ya sake takawa, ta sake nutsewa. A karo na gaba cikinta ya zauna daram a ƙasa, tayoyin suna ta gudu a banza. Abin da na gani a waya shi na gani da idona: ihu, da gudu, ba tafiya. Bambancin kawai, a can samari ne suke tafi, a nan tsohuwa ce take gurnani a bayana.

Na ce masa, “Kashe ta.” Bai ji ba, ko kuwa bai so ya ji ba. Na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa ɗalibi ba, sannan ya kashe.

A amalanken shanu muka fitar da Hajiya zuwa kwalta, an rufa mata zane saboda yayyafi, kamar dai zamanin da mijinta bai sayi komai ba. A bakin kwalta muka jira motar haya. Ba mu isa asibiti ba sai da aka yi azahar. Ta rayu, amma hannunta na hagu bai sake ɗaguwa ba.

Ba zan ce da an yi kaza da kaza ba ta faru ba, domin an hana mu buɗe wannan ƙofa, kuma abin da Allah ya ƙaddara babu mai tare shi. Sai dai ƙaddara ba ta wanke mai sakaci. Wanda ya haƙa rijiya a kan hanya ba ya kafa hujja da cewa ajalin wanda ya faɗa ne ya zo.

A farfajiyar asibiti na kira yaron gefe. Tambaya ɗaya na yi masa. Na ce, “Ranar da ka bugo mini waya, ka san abin da na ji?”

Ya ce, “Na sani, Malam.”

“Ka san laka nake nufi?”

“Na sani. Na ɗauka idan kuka ga sakamakon za ku ji daɗi.”

Wannan ita ce maganar da ta ƙona ni fiye da lakar. Da kuskure ne daga kunnena da bakinsa, da na ce tsufa ne da ƙuruciya suka haɗu. Amma ya ji na ɓata, ya ga ramin da zan faɗa, ya yi shiru domin shirun ya fi masa amfani. Ya karɓi izinina a kan abin da ban sani ba, ya bar ni na tsaya a masallaci na sa Musulmi suka yi masa addu'a. Yin shiru a wurin da ake bukatar bayani algus ne, ko da harshe bai furta ƙarya ba, kuma wannan ma a zaurena ya koya.

Dattawan gari suka zo ba ni haƙuri. Wani ya ce yaro ne. Wani ya ce ai da guminsa ya yi, bai taɓa na kowa ba. Na ce musu idan mutum ya sayi fenti da guminsa ya shafe alƙiblar masallaci, sai mu gode masa? Motar ba tasa ba ce, ba ta kakarsa ba ce, ba tawa ba ce. Ta matar da za ta yi naƙuda gobe ce, wadda ba a tambaye ta ba.

Da aka ciro motar na karɓi makulli. Na ce ni da ƙafata zan je wurin da aka yi ɓarnar. Muka tafi birni, shi yana tuƙi, ni ina riƙe da carbi.

Mai garejin mutum ne mai fara'a. Da ya ji buƙatata sai ya dafe kai. Ya ce, “Baba Malam, tunda na kafa injin nan kowa zuwa yake a ƙara masa. Ku ne na farko da kuka zo a rage.”

Na ce, “To ka rubuta ni na farko. Ka ɗaga ta, ka mayar mata da tayoyinta da salansarta, ka kwashe dawakan da ka zuba.”

Ya ce, “Duka sittin ɗin? Ko goma ba za a bar wa yaron ba?”

Na ce, “Ko jaki.”

Na zauna a kan benci har aka gama. Suka ɗaure ta a kan ƙarafan nan, suka kunna wata babbar fanka a gabanta, ta yi gudunta na tsaye. Layin ya hau a allon kwamfuta ya tsaya inda yake tun asali. Samarin wurin suka sunkuyar da kai kamar an yi rasuwa. Mai garejin ya ce, “Ta koma ɗari da hamsin.” Na ce alhamdu lillahi, amma wannan awon nasu ne, namu yana bakin fadama.

A cikinta muka ɗauko Hajiya ranar da aka sallame ta, an kuwa yi ruwa a daren. Da muka iso wurin, ramin da tayoyin suka haƙa yana nan cike da ruwa. Yaron ya sa giya ta ɗaya, ya shiga a hankali, motar tana nishi irin nata na da, tana tangaɗi, laka tana kama ta tana saki, har muka hau tudu.

Daga baya Hajiya ta yi magana da harshenta mai nauyi, sai da na juya sannan na fahimta. Cewa take, “Angona, ina dawakan?”

Na dubi yaron. Na ga ruwa yana bin kuncinsa, hannayensa biyu a kan sitiyari. Ita ta yafe masa tun a gadon asibiti, kaka ce. Ni kuwa makullin yana rataye a zaurena, bayan buzun da nake zama. Duk wanda za a kai asibiti, yaron yakan zo ya yi sallama ya durƙusa, na amsa masa sallamar domin wajibi ce, na miƙa masa. Idan zai kai ta gyara, sai ya faɗa mini sunan aikin da Hausa, ya maimaita, a gaban mutum biyu.