Alamar da Sai-Jibi ya gyara a ƙirjinsa

Duk wanda ya taɓa kai masa yadi ya san inda sunan ya fito. Ka je karɓar ɗinki, ya ɗago kai daga kan keke, allura a baki, ya ce sai jibi. Ka koma jibin, ya dube ka da mamaki ya ce ai yau yau ce. Haka Sai-Jibi ya yi furfura a wani siririn shago tsakanin mai gyaran waya da mai walda, kuma ba wanda ya taɓa ƙwace yadinsa, domin hannunsa ba ya ƙarya. Abu ɗaya ne ba ya iya gani ya yi shiru: karkataccen layi. Ya taɓa tsare wani baƙo a titi ya ce aljihunsa na hagu ya fi na dama sauka, ya shigo ya tuɓe a gyara masa kyauta.

Da tari ya kama shi, ya ɗora wa hayaƙin mai walda laifi. Da ya ƙi tafiya, ya ɗora wa ƙurar yadi. Ranar da aka ga jini a hankicinsa, babbar 'yarsa, malamar makaranta, ta daina neman ra'ayinsa ta sa shi a mota.

Likita ya ce ciwon daji ne. Akwai ƙari a huhun dama, akwai kuma kaluluwa a tsakiyar ƙirji, inda ciwon ya fara leƙawa. Za a gasa su da hasken na'ura, kaɗan-kaɗan, na wasu makonni. Sai-Jibi ya tambaya ko za a riƙa juya shi kada gefe ɗaya ya ƙone. Likitan bai yi dariya ba, shi kuwa ya riƙe masa wannan.

Aka kwantar da shi a wani gado mai tauri, hannuwa sama, aka ɗauki hoton cikin ƙirjinsa. Mai na'urar, wata matashiya mai ƙarancin magana, ta zana masa alamu uku da tawada, ɗaya a tsakiya, biyu a haƙarƙari, ta ce kada ya wanke. Kullum da su take daidaita shi, ta ɗauki sabon hoto ta ɗora a kan na farko. Sai ƙarin da kaluluwar sun faɗa cikin inda aka shata musu take sakin haske.

Bai wanke ba. Amma wata safiya yana sauya riga a shago, ya tsaya gaban dogon madubin gwaji. Alamar dama ta fi ta hagu sauka da faɗin yatsa. Ya sa tef ya auna. Ya sake aunawa. Ya yi tsaki, ya ce yarinyar nan da a hannunsa ta koyi aiki da tuni ta koma guga. Ya ari alƙalamin mai gyaran waya, ya goge tsohuwar da kananzir, ya zana sabuwa cas, daidai da 'yar'uwarta.

Washegari mai na'ura ta jera shi a kan alamun, ta fita, na'ura ta zagaya sau ɗaya ta tsaya. Ba a saki haske ba. Mai na'urar ta dawo tare da likita, suka tsaya a kansa suna kallon haƙarƙarinsa.

"Baba, wa ya taɓa wannan?" in ji mai na'urar.

"Wanda ya san aiki."

Suka kai shi gaban allon hoton. Sabuwar alamar ta sa an kwantar da shi a karkace. In an daidaita haske a kan ƙarin, kaluluwar ta fita waje, hasken ya sauka a maƙoshi da lafiyayyen huhu. In an bi kaluluwar, ƙarin ya zame. Mai na'urar ta ce ita ba ƙirjin ta auna ba, abin da ke ciki ta auna, kuma na ciki bai taɓa zama daidai ba. Sai-Jibi ya daɗe yana kallon allon. Ya ce lallai wanda ya yanka wannan bai yi amfani da tef ba. 'Yarsa ta rufe fuska.

Ba a yi gashi ranar ba. Likita ya ce tunda ya rame, ƙarin ma ya ɗan motse, gara a sake awo gaba ɗaya, a jira sabon tsari.

Kafin su isa gida labari ya riga su, ya kuma sauya kaya a hanya: wai na'ura ta ƙi karɓarsa, asibiti sun sallame shi. Ƙanensa ya zo da fuskar ta'aziyya, ya ce a daina wahalar da tsoho, a bar shi ya huta cikin iyalinsa. Har ya je shago ya lulluɓe keken da zanin gado, ya fara mayar wa mutane yadinsu. Matar Sai-Jibi ta soma karkata ga maganarsa, domin ita ke ganin yadda yake haɗiyar ruwa da ƙyar. Kowa ya sa baki, sai mai ƙirjin ne ba a tambaya ba.

Ya tashi daga kan kujera, yana dafa bango, ya ce a kai shi shago. Da suka isa, ya fizge zanin ya jefa wa ƙanen.

"Yaya, don Allah ka duba jikinka."

"Na duba. Har cikinsa na gani, a allo. Kai ka taɓa ganin naka?" Ya yi tari, ya jira ya wuce. "Ba su kore ni ba, awo za a sake. Riga in ta yi wa mutum yawa, ragewa ake yi, ba a binne mai ita. Je ka karɓo min yadin mutane."

Ranar sabon awo shi ya riga mai shara isa ƙofar asibitin. Wannan karon mai na'urar ba ta yarda da alƙalami ba. Allura ta ɗauko ta ɗiga masa tawada a cikin fata, ɗigo uku da kananzir ba ya gogewa. Ya ce mata riƙon allurarta ba laifi, in aiki ya ƙare mata akwai gurbi a shago. Ta ce ya ɗaga hannu ya yi shiru. Ya yi, abin da matarsa ta ce ba ta taɓa samu ba tun aurensu.

Da aka koma gashi, hoto ya hau kan hoto, ƙari da kaluluwa kowanne a cikin shacinsa. Na'ura ta yi ƙugi ta saki haske.

Da yamma ya tsaya gaban madubin shago ya buɗe maɓalli. Ɗigon dama ya fi na hagu sauka, wannan karon har da ƙari. Hannunsa ya kai kan tef ɗin da ke wuyansa, ya tsaya. Sai ya kama madubin da hannu biyu ya juya shi ya fuskanci bango. Ya ce duk mai son sanin yadda riga ta zauna masa ya tambaye shi. Sannan ya ja kujera, ya zura zare, ya ɗauki yadin farko cikin waɗanda ƙanensa ya dawo da su.