Turare a Kejin Ɓeraye

Shekara ashirin ke nan tana kula da fararen ɓerayen ɗakin gwaji, har manyan malamai ma Inna suke ce mata. Wani Dakta a wurin yana binciken furotin da ke riƙe sinadarin da maƙogwaro ke fitarwa a hantar jariran ɓera yayin da suke girma, kuma 'ya'ya takwas kaɗai suka rage masa.

Da safen nan ya ɗauke su da hannu ya auna, ya mayar da su keji. Uwar ta shinshina su, ta ja da baya, gashinta ya miƙe.

"Dakta, turare ka shafa?" in ji Inna.

"Ɗan kaɗan ne."

"Ɗan kaɗan ɗin zai sa ta cinye su. Matsa, ango."

Ta fitar da uwar, ta ɗebi garin katakon da suke kwana a kai, ta murza a tafinta. Ta shafe 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, jajaye kamar yatsun jinjiri, don warin da uwar ta sani ya rufe turaren, sannan ta mayar da ita.

Uwar ta cafki ɗaya da haƙora, Dakta ya runtse ido. Sai ta kai jaririn kusurwa ta lashe shi, ta dawo ɗaukar na biyu.