Ranar da Na Faɗi Sunan 'Yar Farina

Shekarun baya, lokacin da gubar dalma ta shigo mana Yargalma, da ni ake kwatance wajen kunya a unguwarmu. In baƙo ya yi sallama, sai in tsinci kaina a bayan rumbu ina gyaran abin da bai lalace ba. Shekara uku ina gidan miji, surukina bai san kalar muryata ba. Mutane na ta yabo, wai an samu mai tarbiyya. Ni ko na san rabin abin tsoro ne zalla.

'Yata ta fari tana da shekara biyu a lokacin. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Ko faɗuwa ta yi, sai in kau da kai in jira wata ta ɗauke ta. "Waccan" nake ce mata, kuma al'adar ta yi daidai da halina, na samu wurin ɓuya.

A tsakar gidanmu ake dakan duwatsun zinare, ƙurar na sauka har cikin kwanon tuwo. Da yara suka fara jijjiga suna mutuwa, ma'aikatan lafiya suka zo gwajin jini. Surukina ya ce babu mai fita daga gidansa, iskoki ne, a yi hayaƙi. Mijina yana can wurin haƙa. Ni dai zargina, tsoron a hana dakan ne ya fi damun tsohon.

Wata safiya ina tankaɗe, yarinyar ta sandare a gabana, idanunta suka juye. Wallahi abin da na fara yi shi ne dube-dube, ko akwai mai ɗaukar min ita. Har yau in na tuna wannan jiran sai in ji haushin kaina. Babu kowa. Na goya ta na nufi zaure, inda surukina ke zaune kan buzu.

"Ke, ina za ki da ɗiyag ga?"

Na ce, "Baba, wurin likkita za ni."

"Ba ki ji abin da nic ce ba?"

"Na jiya, Baba. Ku gahwarce ni, amma ba ni komawa ciki da ita."

Ya buɗe baki yana kallona kamar akuya ce ta yi masa magana. Na raɓa shi na wuce, takalmi ma ƙafa ɗaya na sa.

Wurin gwajin cike yake da matan gari. Wata ma'aikaciya ta kwance yarinyar daga bayana, ta ɗauki biro ta ce, "Sunanta?" Na yi shiru. Wata dattijuwa ta matso za ta faɗa a madadina, yadda aka saba. Sai na ji raina ya ɓaci. 'Yata na mutuwa, ni kuma ina nan ina kare mutuncin shiru? Na ɗaga murya na faɗi sunan, har sau biyu. Na tsuguna a kunnenta na ci gaba da kiranta da shi, ina kuka a gaban kowa.

Na ji ana cewa, "Subhanallahi, ɗiyaw wance ta watsar da kunya!" Ban juya ba. A ranar aka wuce da mu asibiti a Bukkuyum, muka yi makonni ana ba ta magani, Allah ya tashi kafaɗunta.

An daɗe ana yi da ni a garin, wasu har yau. Ban ba kowa haƙuri ba, ba kuma zan bayar ba. Kunyar ba ta bar ni ba, ko yanzu in aka ce in yi magana a taron suna sai gumi ya karyo min. Ina son kunya, ina girmama manya. Amma wadda za ta sa in zuba ido ɗana ya tafi, wannan kowa ya riƙe abarsa.

Yarinyar ta zama budurwa. Karatu na yi mata nauyi, likita ya ce ragowar gubar ce. Kwanan baya tana min kitso ta ce, "Inna, ƙawayena na yi min dariya, wai ke kaɗai ka kiran ɗiyaf fari da suna."

Na ce, "Bar su su yi. Da na bi ta tasu, yau a kan kabari zan riƙa faɗinsa."