Tukunyar farfesu ta koma ta turare

Jama'a, ku zo ku ji abin da ya same ni yau!

Kun san tukunyar lantarkin nan da na saya, mai dafa abinci a hankali tun safe har yamma? Maigida zai yi baƙi bayan magariba. Da asuba na zuba ƙafar saniya, albasa, attaruhu, na jona ta a sola, na tafi ofis a GRA hankali kwance.

Ƙarfe biyar na dawo a guje. Ina buɗe ƙofa, ƙamshi ya buge ni. Ba na farfesu ba, na itacen sandal!

Ga Ya Falmata, gwaggon maigida, ta zo daga unguwar Shehuri, mabuɗinmu na wajenta. Tana zaune gaban tukunyata da ludayi.

Na ce, "Ya, me kike dafawa?"

Ta ce, "Turaren wuta, 'yata! Shekara talatin ina haɗa shi a kan gawayi, sukari na ƙone mini. Wannan kuwa ko kamu babu!"

Na ce, "To ina namana?"

"Yana firij. Na jira awa biyu ko tafasa bai yi ba, na ce tukunyar nan ba ta girki ba ce."

Innalillahi! Ɗanye sharaf! Baƙi shida, saura awa ɗaya!

Ina ta neman ashana in hura wuta, ita kuwa tana naɗe wayar tukunyar, wai in sayi wata, wannan Shehuri za ta kwana.

Wa ke da miya a firiza? Ina hanya!