"Ba Komai" ta Inna Mai Guga

A ɗakin wanki da guga na otal ɗinmu, Inna ce ta fi kowa daɗewa. Mu ma'aikata kowa da yarensa, in gardama ta kaure sai ka rantse tashar mota ce. Inna ce ke haɗa kanmu. Ba ta rowar sani, ba ta kuma girman kai. Ta koya wa wannan fitar da maiƙo daga wuyan riga, ta ce wa wancan, "Nuna min yadda kuke ninke zanin gado a wajenku."

Cikinmu akwai Dogo, baƙo daga ƙasa mai nisa, wanda ya zo ko "sannu" bai iya ba. Inna ta riƙe shi kamar ɗan cikinta, tana guga tana koya masa Hausa, tana yi masa tsiya in ya kwafsa. Ita ta koya masa "ba komai". Abin da ta manta ta gaya masa shi ne mu mukan faɗe ta ko da ciwo na cin mu, sai an matsa mana da tambaya. A wajen su Dogo kuwa, ka tambayi babba sau biyu, ka ƙaryata shi ke nan.

Wata rana da azahar su biyu ne a ɗakin. Ya ga ta dafa tebur, gumi na zuba.

"Inna, lafiya?" ya tambaya.

"Ba komai, ɗana. Je ka kwaso zannuwa."

Ya girmama maganarta, ya tafi. Da ya dawo tana kwance a ƙasa, dutsen guga na ƙona farar riga. Ba ta kai asibiti ba.

Har yau Dogo bai yarda a goge tabon ƙunar da ke teburin ba. In ya ji ƙauri sai ya waiwaya da sauri, ko da ba abin da ke ƙonewa. Shi ke koyar da sababbi yanzu, kuma kafin su taɓa dutsen guga sai ya gargaɗe su: in Bahaushe ya ce ba komai, kada ku tafi.

Tausayinsa nake ji ƙwarai. Jiya na same shi tsaye gaban teburin, ya zuba wa tabon ido.

"Dogo, lafiya?"

"Ba komai," ya ce, da irin muryar Inna sak.

Na ajiye zannuwan da ke hannuna, na jawo kujera, na sake tambayarsa.